Hancin Yaya da Tukwanen Bature

Hancin yayana ya riga shi mutuwa da wata goma sha huɗu. Ban da matarsa, ni kaɗai ya faɗa wa. Ni ma bai faɗa mini ba sai da ya zo Dubai, a ƙarshen shekarar annoba, lokacin da aka sake buɗe jirage.

Turare yake sayarwa a Kano, shekara talatin a rumfa ɗaya. A layinsu, in sabon kaya ya iso, ba a yanka masa farashi sai an kai wa Yaya ya sansana. Yakan ɗiga a bayan hannu, ya rufe ido, ya ce wannan an surka shi, wannan kuwa zai yi sati a jikin riga. Mata masu haɗa lefe har daga Katsina da Maraɗi suke zuwa wurinsa. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Hancin shi ne abin da Allah ya ba shi. Da azumin shekarar nan zazzaɓi ya kwantar da shi kwana goma. Ya tashi lafiya, amma ko albasa aka yanka a gabansa sai dai idonsa ya kawo ruwa.

Ni a lokacin shekarata shida a Dubai, ina aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya gida, a Al Khabaisi, ina auna kwali ina cika takardun kaya. Turancina na sakandare ne, amma ya isa a mai da ni tafinta duk sanda mutanen gida suka zo.

Na same shi a otal ɗinsa na Al Buteen bayan la'asar. Muna gama gaisawa ya rufe ƙofa, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya buɗe ya miƙo mini.

"Me ka ji?"

"Turare, Yaya."

"Na san ba miya ba ce. Wanne?"

"Mai daɗi."

Ya zauna a bakin gado ya cire hula. "To, ka fi ni. Ni ruwan famfo nake ji."

Nan ya ba ni labarin duka. Wata bakwai yana ɓoyewa. In an kawo masa turare sai ya ce a bari ya kwana a jikinsa tukuna, ya kai gida matarsa ta sansana ta kwatanta masa, shi kuma ya haɗa da abin da ya sani, da safe ya yanke hukunci. Mutanen layi har cewa suke ya ƙara natsuwa da ya manyanta. Amma yanzu wani kamfani ya gayyaci su shida su zo su ga gidan da yake dafa turarensa. Za a zaga da su, a ba su su sansana a wurin, kuma sauran biyar ɗin bakin Yaya za su zuba wa ido. Babu kai wa gida ya kwana.

Na ce, "Ka ce ba ka da lafiya mana."

"A wannan shekarar? Su kulle ni sati biyu, su kulle duk wanda ya gaisa da ni?"

"To ka faɗa musu gaskiya."

Ya daɗe yana kallon hular da ke hannunsa. "In na faɗa, gobe wane ne ni a layin? Mai sayar da kwalabe."

Kwana biyu yana koya mini. Ya ce in manta da komai, in riƙe al'ud kawai, man itacen nan da Larabawa suke ji da shi, don shi za a fi tambaya. Na Indiya, in ji shi, da farko warin garken awaki yake yi, sai daga baya ya huce ya zama abin kirki. Na Kambodiya kuwa zaƙi-zaƙi yake kamar dabino. Muka yi alamu. In na taɓa hula, Indiya. In na sosa gemu, Kambodiya. In kuma kayan na gaske ne, babu surki, in yi tari. Tari shi ne alamarmu tun muna yara, in Baba ya shigo zaure muna ɓarna, shi ya sa babu wanda ya tsaya tunani a cikinmu.

"Sauran ka bar mini," in ji shi. "Bakin bai mutu ba."

Ranar tafiya kamfanin ya aiko da ƙaramar bas. A cikin mutanen akwai wani dattijo da suke kira Liman, don shi yake jan su salla a tafiya, sannan akwai wani Alhaji Bazazzagi da rumfarsa take manne da ta Yaya sama da shekara ashirin. Ban taɓa jin sun gaisa ba tare da tsiya ba, irin wasan nan na Kanawa da Zage-zagi. Muna wucewa ta Muhaisnah, inda gidajen leburori suke, da wanki a rataye a kowace taga, Bazazzagin ya taɓa kafaɗar Yaya.

"Bakano, ga masaukinku can. An bar maka gadon sama."

"Bawana, gyara takunkuminka. Ba don cuta ba, don fuskar."

A bakin ƙofar masana'antar wani Bature ya tare mu, gajere, mai sanƙo, rana ta gasa shi ya yi ja. Ya ce shi mutumin Ailan ne, wani tsibiri kusa da Ingila. Ya ce shekara ashirin ya yi a gidan dafa wiski a garinsu, yana lura da tukwane, yana zagawa da baƙi yana ba su suna ɗanɗanawa, har Balaraben da ke da wannan gida ya ɗauko shi, don aikin tukwanen kusan ɗaya ne. Na fassara kamar yadda ya faɗa.

Liman ya ce, "Wiskin nan ba ita ce giya ba?"

"Ita ce, Malam."

"A'uzu billahi. Tambaye shi, da tukwanensa ya taho?"

Baturen ya yi dariya, ya ce tukwanen nan daga Indiya aka kawo su sababbi, ba su taɓa ganin barasa ba.

"To tambaye shi, ya tuba?"

Na rasa yadda zan sa wannan a Turanci, sai na tambaye shi ko yana kewar tsohon aikinsa. Ya dafa ƙirji ya ce kullum. Na juya na ce wa Liman, "Yana kan hanya, Malam."

Aka fara zagaye. Wuri na farko wani ɗaki ne da manyan duro-duro, inda ake jiƙa ɓarɓashin itacen sati da sati kafin a dafa. Baturen ya ɗaga murfin ɗaya. Ban taɓa jin wari irin wannan ba, kuma na taɓa buɗe kwantenar busasshen kifi da ta yi wata uku a tashar jirgin ruwa. Kowa ya ja baya ya toshe hanci a kan takunkumi. Liman ya fita waje gaba ɗaya. Yaya kuwa ya matsa har bakin duron, ya goya hannu a baya, ya leƙa ciki yana gyaɗa kai kamar mai duba hatsi a kasuwa.

Na ja hannun rigarsa a hankali, na ce, "Yaya, wari."

"Sosai?"

"Mutane sun gudu."

Bai motsa ba. Ya ƙara gyaɗa kai sau biyu, sannan ya juyo a natse. Na ji wani daga cikin 'yan kasuwar yana cewa ta cikin tafin hannu, "Ka ga masu sana'a." Baturen ma ya ce in gaya masa shi ne baƙo na farko da ya taɓa tsayawa a wurin.

Daga nan sai ɗakin tukwane. Guda huɗu ne na tagulla, kowacce ta fi mutum tsawo, da wuta a ƙarƙashi, da dogon wuya da ya lanƙwasa ya bi ta cikin ruwan sanyi. A ƙarshen wuyan abin yake ɗigowa cikin kwalba, ɗis, ɗis. Ruwa a ƙasa, mai a sama, siriri kamar fatar albasa. Buhu guda na itace, in ji Baturen, ba lalle ya ba da cokali biyu na mai ba. Man ake kwashewa, ruwan ma ba a zubarwa. Ya kai mu wani ɗaki mai duhu da sanyi inda kwalaben man suke ajiye shekara da shekaru suna tsufa. A nan ya rage murya kamar mun shiga masallaci, mu ma muka rage.

Sai ɗakin gwaji. Dogon tebur, kujeru nesa da juna saboda doka, bango ɗaya na gilashi ne. Aka zaunar da Yaya a kan gaba, ni ina tsaye a gefen Baturen inda Yaya zai gan ni. Aka fara raba 'yan takardu da aka ɗiga wa mai, ni ma aka ba ni.

Na farko awaki ne tsantsa. Na taɓa hula. Yaya ya sauke takunkumi, ya kai takardar hanci, ya rufe ido ya daɗe.

"Indiya. Itacen tsoho ne, amma man bai huce ba. A ba shi shekara guda."

Na fassara. Baturen ya tafa hannu. Na biyu na sosa gemu, Yaya ya ce Kambodiya, ya ƙara da cewa irin wannan mata suka fi so, amma ba ya jure wanki. Har ya fara jingina da kujera, har ya kalli Bazazzagin ya ɗaga masa gira.

Na uku ko ni da ba na sana'ar na san abu ne mai kyau. Na yi tari. Yaya bai dube ni ba, idonsa a rufe. Na sake yi, da ƙarfi, har sau biyu.

Kujeru suka yi ƙara a lokaci ɗaya. Kafin in rufe baki kowa ya mai da takunkumi, Baturen ya yi taku uku baya, wani mai gadi Balarabe ya shigo da na'urar auna zafi mai kama da bindiga.

"Yalla, habibi. Waje shwaiya."

Na ce masa lafiyata ƙalau, turare ne ya shaƙe ni. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare, waje. Ya tsayar da ni a baranda, ya auna goshina, ya auna wuyana, ya ce in nuna masa takardar gwajin cutar a waya. Wayar ta ƙi buɗewa. Ina dannawa ina kallon ɗakin ta gilashi.

Sai na ga Baturen ya ɗauko faranti. Ƙananan kofunan gilashi ne a kai, masu ciki kamar tulu da tsukakken baki, irin waɗanda ya saba da su a tsohon aikinsa. A kowanne ya zuba ruwan nan na ƙasan kwalba, wanda mai yake tasowa a kansa. Na ga bakinsa yana motsi, yana bayani da Turanci, ba tafinta. Daga baya na ji abin da ya ce: a juya kofin a hankali, a kai hanci, a ajiye.

Yaya aka fara miƙa wa. Mutumin da ya zo Dubai ya fi sau talatin, ya zauna a shagunan Deira ba adadi, ya san abu ɗaya: in mai gida ya zo da ƙaramin kofi a faranti, da hannun dama ake karɓa, a sha, ba a mayarwa. Ga shi mun yi awa guda muna yawo ko ruwa ba a ba mu ba. A ransa karramawar ce ta iso a makare. Duk mai hanci zai gane tun kofin yana hannun Baturen, don warin duron nan ne a cikinsa, an dai rage masa ƙarfi.

Na buga gilashin da tafin hannu. Yaya ya yi bisimilla, ya kafa kai ya shanye. Sannan ya girgiza kofin a hankali, yadda ake yi wa mai zuba gahawa in an ƙoshi, ya ajiye.

Na ture hannun mai gadin na shiga.

Idon Yaya ya ciko da ruwa saboda ɗaci. Ya dubi sauran biyar ɗin, kowa riƙe da kofinsa nesa da fuska, kowa shi yake kallo. Na ga lokacin da ya gane. Ya sa hannunsa a kan tebur, ya ɗora ɗayan a kai. Na san shi tun ina goye, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da muka binne Baba.

Liman ya ce, "Alhaji, wai ba ka ji..."

"Kai!" Bazazzagin ya buga tebur. "Bakano ya tona asirin sana'a a gaban Bature. Shekara ashirin ina leƙensa ta bayan labule ina ganin yana haka, ya ce in rufa masa." Ya juya ga sauran. "Ku kuna tsammani da hanci ake gane al'ud? Hanci na yara ne. Manya da harshe suke yi."

Ya ɗauki kofinsa. Shi hancinsa lafiya lau yake, na ga yadda wuyansa ya ƙi tun kafin kofin ya iso. Ya rufe ido ya shanye. Ya riƙe bakin tebur. Da murya ta dawo masa, wata siririya ce kamar ta tsohuwa.

"Indiya. Ko ba haka ba, bawana?"

Yaya ya goge ido da bakin hannun riga.

"Indiya," ya ce. "Amma wuta ta yi mata yawa a ƙarshe."

Daga nan babu wanda ya yarda a ce shi yaro ne. Ɗaya bayan ɗaya suka sha, kowa da irin ƙarar da ya yi. Liman ya ce sai na sa Baturen ya rantse ba barasa a ciki. Baturen ya rantse da kabarin uwarsa cewa ruwa ne da itace kawai, Liman ya ce rantsuwar ba ta inganta ba amma ya karɓa, ya sha, ya yi salati mai tsawo. Baturen ya matso ya tambaye ni me ke faruwa. Na ce masa al'adar masu turaren Kano ce, ba a cika nuna wa baƙo ba. Na kuma faɗa masa maganar wuta. Ya ce a garinsu ma hanci ne farko, harshe ne alƙali, bai dai taɓa tunanin yi a nan ba. Ya zuba wa kansa ya sha. Jan fuskarsa ya hau har tsakiyar sanƙo. Ya ciro ɗan littafi ya rubuta wani abu, ya ce zai yi magana da mai hura wutar tukunya ta uku. Daga baya Yaya ya ce mini da ido ya ga gindin tukunyar ya yi baƙi tun muna zagaye.

Na ɗauka na tsira. Yaya ya turo mini kofin da ya rage.

"Tafinta, naka."

Na sha. Kamar an jiƙa tsohuwar igiyar akuya a ruwan maɗaci. Kwana biyu in na yi gyatsa, abokan aikina a ofis suna waigawa su ga wane Balarabe ne ya shigo.

A hanyar komawa sau biyu direba yana tsayawa a gidan mai, ba don mai ba. A tsayawa ta biyu ne, Yaya yana cikin ban ɗaki, na tsinci kaina a layi ni da Bazazzagin, yana dafe da ciki.

Na ce, "Alhaji, Allah ya saka."

"Da me? Ina zan bari Bakano ya shanye na kyauta shi kaɗai?" Ya dubi ƙofar, ya rage murya. "Tun bayan ƙaramar salla na sani. Wayar wuta ta kama a rumfarsa, ƙauri har layi na biyu, shi yana zaune yana jan carbi. Na shiga na ce aron tsintsiya na zo, na kashe mita na fito."

"Bai sani ba?"

"Kada ka faɗa masa. In ya san na sani, zai fara gaishe ni da mutunci, ni kuma ba zan iya ba."

Ban faɗa masa ba. Ko ya gane da kansa, bai nuna ba. A bas ɗin ya ce wa Bazazzagin ya koma kujerar baya don cikinsa yana damun jama'a. Bayan kwana huɗu na raka shi filin jirgi. Ya ba ni 'yar kwalbar nan ta otal, ya ce in ci gaba da koyo, kaina da ƙwari amma ba a fid da rai.

Da damina ya rasu, da hantsi, a rumfarsa. Bugun zuciya ne. A lokacin an sake rufe jirage tsakanin nan da gida, ta waya na ji an ɗauke shi, ina zaune a kan kwali a bayan ofis. Sai bayan wata biyar na samu zuwa.

Da na je layin gaisuwa, na tarar Bazazzagin ya ajiye kujerarsa a tsakanin rumfunan biyu, shi yake buɗe duka. Kaya in sun iso ana aika wa matar Yaya gida ta sansana, a layi kuma ana cewa marigayi ne ya koya mata. Muna zaune aka kawo wa wani matashin ɗan kasuwa da ke gabanmu sabon al'ud. Ya ɗiga a yatsa, ya rufe ido, ya ɗan taɓa a harshe, fuskarsa ta yamutse. Da aka ce masa ni ne ƙanin marigayi na Dubai, ya taso ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce:

"Baba, an ce kana wurin ranar da ya koya wa Bature gwajin harshe. Gaskiya ne kofi guda ya shanye?"

Bazazzagin bai ɗago ba, yana ta goge wata kwalba da gefen rawaninsa.

Na ce, "Gaskiya ne. Kofi guda, tas. Ni ma na sha."